Bakancen Gashin Tainara

...kuma ita ce ma ta riƙe mata hannu. Duba mini, Belarmino mijina, in dai matattu na gani daga inda suke. Layi tun daga ƙofar ɗakin Waliyyi har bayan masu sayar da kyandir, kowa rungume da siffar abin da aka warkar masa, wannan ƙafar katako, wancan kai, wata tsohuwa nono guda naɗe cikin tawul, rana kuwa kamar ana juye mini garwashi a ƙeya. Ni na yi bakancen. Ni ce kakarta. Amma hannun Tainara yana cikin na Lindalva. Ni me na riƙe? Leda. Almakashi da 'yar tsanar katako. Jakin gida ke nan, a ɗora masa kaya ya biyo baya.

Ban ce komai ba. Ka ji na ce wani abu?

Da na yanke kitson nan shi ke nan. Ita ta bi Lindalva zuwa birnin Fortaleza, kayanta ma suna cikin motar tun safe, ni kuma in hau babbar motar masu ziyara in koma ƙauye, in tarar da awaki. Haka aka shirya. Aka shirya... ban ce na shirya ba.

Dubi yadda rigar ta zauna mata. Ruwan ƙasa, irin ta Waliyyi Faransisko, da igiya a ƙugu. Ni na ɗinka, da idon nan nawa da zare ba ya shiga allura sai na kira Uwar Allah sau uku. Kitson guda ɗaya, har ƙugu, kauri kamar igiyar guga — shekara biyar almakashi bai taɓa shi ba, ni nake taje shi, ni nake shafa masa man kwakwa, ni nake tsince masa ƙwarƙwata. Takalmin ne kawai ba nawa ba. Fari! Wa ke sa wa yaro farin takalmi zuwa nan Canindé cikin wannan ƙura, in ba wadda ba ta taɓa durƙusawa gaban bahon wanki ba...

Bakina. Ina ƙofar Waliyyi. A yi mini gafara.

Dinda, wai, take ce wa Lindalva. Haka yara ke kiran uwar baftisma, na sani, ni ma na kira tawa haka. Amma wannan! Dinda ta ce, Dinda ta saya, a gidan Dinda ruwa daga bango yake fitowa, mai zafi da mai sanyi. To me ta yi, uwar baftismar? Ƙawar Neide ce, uwar yarinyar, tun suna yara, shi ke nan. Ta riƙe jaririya gaban Fada ya zuba mata ruwa a ka, ta sayi 'yar riga mai leshi, aka ɗauki hoto, ta koma birni kantin maganinta da jan bakinta. Ruwan da ta gani ke nan, cokali uku a goshi. Ni kuwa ruwan da na gani —

Kai ba ka sani ba, ka riga ka tafi. Dama ka iya sanin lokacin guduwa, ko ranar roron wake haka kake, sai ciwon baya ya taso maka. Neide 'yarka ta dire mini ita tana tatata, ta ce, Mama, wata shida kawai, da na zauna da gindina a São Paulo zan zo in ɗauke ta. Wata shida. Gidan da take aiki ba sa son yaro, balle yaro mai zarni.

Na ce za ta daina. Biyar na raina, duk sun daina, har Neiden da ta fi su naci. Yarinyar nan ta koyi tsuguno tun kafin sa'o'inta. Ta je bayan ɗaki ta yi fitsarinta cikakke, shaaa, kamar kowa, ta miƙe tana tsalle, Kaka na yi! Kafin in sauke dambun masara daga wuta wandon ya jiƙe. Ba wai ta saki ba ne, a'a. Ɗis. Ɗis. Kamar randa mai tsaguwar gashi, ba ka ganin inda take yoyo, ƙasanta dai kullum da laima. Tana barci, tana wasa, tana addu'a. Bai san Lahadi ba.

Wanki... ka san ruwa a wurinmu. Shekarar da tafki ya ƙafe har jakuna ke ratsa tsakiyarsa, abin da motar ruwa ke zubawa a tanki na sha ne da girki, ni kuwa ina sata daga bakina in wanke tsumma. Na yayyaga zanen gadon aurenmu, eh, wanda ƙanwarka ta yi wa fulawa a baki, na yi ƙunzugu da shi. Kada ka ɓata rai, ya fi amfani a can. Igiyar shanyata ba ta taɓa hutawa ba. Samarin nan masu babur in za su wuce, Dona Firmina, yau ma tutoci sun tashi? In ce sun tashi, ɗan nema, na uwarka ne na aro, ka gaya mata ta aiko a karɓa.

Cinyoyinta suka saɓule, jawur kamar ɗanyen nama. Kitsen rago nake narkawa in shafa, tana cije leɓe. Ba ta kuka. Da ma tana kuka.

Layi ya motsa. Taku biyu. Ga Lindalva ta buɗe lema, ta waiwayo, Dona Firmina, ki matso inuwa mana. Na gode, 'yar nan, ni da rana mun saba. Inuwarta! Ta ɗauke mini yarinya ta ba ni inuwa.

Ba mai yarda ya rataya ragar kwanansa kusa da tata. Jikokin ƙanenka in sun zo hutu sai su toshe hanci, amalala, amalala, su ruga. Ni na rataya tata gab da tawa, da tasa a ƙasa. Gari ya waye in ga ƙafarta guda cikin ragata, ta tsallako cikin barci. Warin nan... bari in gaya maka gaskiya, na daina jin sa. Ko kuwa ba dainawa na yi ba, warin gida ya zama. Yanzu in na shiga ɗakin sai in ji kamar ɗakin baƙi, ba kowa, sabulu kawai.

Makaranta ba ta yi wata ba aka aiko, wai a ajiye ta a gida har ta koyi riƙewa. Riƙe me? Ta dawo ta zauna gindin kashu tana tona ƙasa da tsinke, ta ce, Kaka, ni dama ba na so, bencinsu da tauri. Mitsitsiyar yarinya, ta iya ƙarya don kada raina ya ɓaci. Daga nan ta zama tawa ɗungurungum. Tare muke kora awaki, tare muke ɓarar wake, in gutsura mata mazarƙwaila ta tsotsa tana ba ni labarin kaji, wace ta zagi wace. Na koya mata baƙaƙen da na sani. Ba su da yawa, cikin damina guda ta cinye su, ta tsaya tana kallon bakina ko da saura. Babu saura.

Me ban yi ba? An ce yaron da ke wasa da wuta shi ke jiƙa shimfiɗa, na hana ta zuwa kusa da murhu. An ce ta tsuguna ta yi a kan jan bulo mai zafi, ta yi, tururi na tashi tana runtse ido. Shayin gashin masara. Mai addu'ar ganye ta kaɗa mata reshe har ganyen ya yi yaushi, ta ce kambun baka ne, na wa? Wa zai yi hassadar yarinya mai zarni? A ɗakin shan magani a ce ƙiwa ce, ki riƙa tsawata mata. Zazzaɓi ya zo, a ba da ruwan magani mai ɗaci, ya tafi, ya dawo. A wanda ya fi muni, tana shekara uku, jiki kamar kaskon tuya, fitsarin har da wani kauri, na durƙusa gaban hoton Waliyyi na ce, ka raya mini ita, ka busar mini da ita. Ni kuma almakashi ba zai hau kanta ba sai a ɗakinka. In kawo ta cikin rigarka, in yanke da hannuna, in ajiye maka. Da hannuna, na ce. Ni da shi muka yi. Babu wata Lindalva a wurin, ko kyanwa babu.

To kai ma, Waliyyi, tsakani da Allah... ni na roƙa, ni na yi gwiwa biyu a kan dandamali har suka yi kanta, sai ka aiko amsa ta hannun wata? Ba ka ga hannuna ba ne? Ko ya yi kaushi da yawa?

Bara Lindalva ta zo, bikin Waliyyi Yohanna, da ake hura wuta a ƙofar gida ana gasa masara. Kwana biyu kacal. Ta ga yarinya ta zaga ta yi nata cikakke, ta ga wando ya jiƙe kafin masara ta gasu. Ta tsaya da masara a hannu tana kallo. Ta ce, Dona Firmina, mafitsarar da ta iya tara wannan ai ba mai rauni ba ce. Ruwan nan ta wata hanya yake biyowa. Na ce, ke hanya nawa gare ki? Ta yi dariya. Ko haushi ba ta ji ba. Abin da ya fi ci mini rai ke nan, matar nan ba ta jin haushi, ka jefe ta da dutse ta ɗauka ta tokare maka ƙofa da shi.

Kwana biyu, Belarmino. Ni shekara da shekaru hannuna na cikin abin, hancina na cikin abin, ban gani ba. Wai mai ɗaki shi ya san inda ke masa yoyo. Ƙarya ce. Mai ɗaki inda zai tara tasa kawai ya sani.

Yanzu ruwan rake take saya mata. Da ƙanƙara. Sha a hankali, Tainara, ni ba zan faɗa ba, in na faɗa a ce tsohuwa ta cika baki... A da in ta sha kofi guda sai in lissafa tsumma nawa zai ci. Sha abinki. Sha duka.

Ita ta kai mu asibiti a Fortaleza. Likitar yarinya ce ƙarama, mai gilashi, ba ta kai Neide ba. Ta zana mini a takarda. Ƙoda biyu, kamar ƙwayar wake. Kowace da siririyar hanya da ke sauko da fitsari cikin mafitsara, ita kuma mafitsara da bakinta mai tsukewa, kamar bakin buhu, sai mutum ya so ya kwance. To ƙodar Tainara ta hagu hanya biyu gare ta. Ɗaya ta shiga inda ya kamata. Ɗayar ta ɓata, ta wuce buhun gaba ɗaya, ta je ta buɗe can ƙasa, inda ba ƙofa ba mai gadi. Shi ya sa take yin nata kamar kowa kuma take ɗiga. Tun a ciki, in ji ta, tun kafin a haife ta. Ba ƙiwa ba ce, ba laifin kowa ba ne. Na ce, to jan bulon fa? Ta ce, wane bulo? Sai Lindalva ta dafa mini gwiwa. Ta dafa mini gwiwa! Kamar akuyar da ake so ta yi shiru a kasuwa.

Mutum ɗaya ke zama da mara lafiya, haka dokarsu take. Ɗaya. Wanda zai iya karanta takardar magani, ya gane abin da masu fararen kaya ke faɗa. Wa ke nan? Ni aka ajiye ni a gidanta mai santsi, ina tafiya ina dafa bango, ba abin wankewa, ba abin sharewa, na share abin da aka riga aka share. Aka yanka. Aka kamo hanyar da ta ɓata aka haɗa ta da 'yar'uwarta, aka ɗinke. Da aka bar ni na shiga, ta buɗe ido, leɓe a bushe, roba ta nan roba ta can, ta ce, sa mini albarka, Dinda. Sannan ta juyo. Sa mini albarka, Kaka.

Sannan.

Kai ka koya wa 'ya'yanka da tsumagiya, babba ake fara roƙa. Na ce Allah ya yi miki albarka, 'yata, murya ta fita lafiya lau, ba wanda ya ji komai. Ita ce kusa da gadon, na sani. Yarinya da maganin barci a kai, na sani. Na sani! Kada ka gaya mini, kai da ba ka nan.

Aka cire robar. Wando ya wuni a bushe, ya kwana a bushe. Ta riƙa shiga bayi tana dubawa, ta fito ta ɗaga riga gaban kowa, har gaban mai goge-goge, ku duba! Ku duba! Na yi kuka. Kada wani mahaluki ya ce ban yi murna ba. Na yi kuka har wata mai jinya ta dama mini ruwan sukari. Wa ya kai ni murna? Wa ya san abin da aka rabu da shi in ba ni ba?

Sai Neide ta bugo waya. Mama, mun yi magana da Lindalva. Mun yi magana, ka ji. An bar yarinya a baya a karatu, a Fortaleza makaranta na bayan gidan, ga asibiti kusa in za a duba ta, Lindalva kuma Allah bai ba ta haihuwa ba, ɗaki guda na nan a rufe. Ke ma ki huta, Mama, kin wahala. In huta. Da tana zarni wa ya ce in huta? Da tana zarni tawa ce, kowa ya yarda, ba mai gardama, ko a mafarki ba wanda ya zo neman ta. Ta bushe, ta yi ƙamshi, sai ga masu ita sun fito kamar shinge bayan ruwan fari.

Na ce ba inda za ta da gashin Waliyyi a kanta. Bakance bakance ne. Ku ɗauke ta ba a cika ba, abin ya dawo, wa za ku kama? Ita kanta mai kantin magani ta yarda, ai uwarta ma ta taɓa shiga majami'ar nan da rarrafe saboda ƙafar ubanta. Suka ce to, a cika, sannan.

Ni ban ja lokaci ba. Ka san ni. Ruwa ne ya sauka, wa ke barin shuka ya tafi ziyara? Sai gwiwata ta kumbura. Sai baƙar akuya ta haifi uku, ɗaya ba ya kama nono. Sai Seu Anacleto masassaƙi bai gama sassaƙa ba, laifina ne in tsoho na da nawa? Ai ba a zuwa wa Waliyyi hannu rabbana, sai da siffar abin da ya warkar. Na je na yi masa bayani, ya cire hula ya sosa sanƙo. Dona Firmina, na sassaƙa ƙafa, na sassaƙa ido, na sassaƙa saniya sukutum, har abin da ba a faɗa gaban mata na sassaƙa wa wani bawan Allah. Amma hanyar fitsari da ta ɓata? In miƙa wa Waliyyi tsinke ya ɗauka taliya ce? Na ce, to sassaƙa yarinyar gaba ɗaya, tsohon banza. Ya yi. Na ce wannan hancin ba nata ba ne. Ya sake. Na ce wannan ai kanka ka sassaƙa, ka sa masa riga. A na uku ya kira ta ita kanta, ke 'yar nan, zo ki cece ni, me zan ƙara kakarki ta bar ni in mutu cikin salama? Ta duba, ta juya ta, ta ce, ka sa mata jakar makaranta a baya.

Ga ta nan cikin leda. Da jakarta. Tun ɗazu take tokare mini cinya.

Bencinsu da tauri, wai...

Mun shigo. Wayyo, sanyin inuwa, amma iska ba ta motsi, warin kakin kyandir da jikin mutane. Ƙafafu tsibi har rufi. Hannaye, kawuna, sandunan guragu, rigunan amare sun yi ja don daɗewa, hotuna bango guda, kowa da ciwonsa ya zo ya jibge ya tafi da sauƙin jiki. Ga akwatin gashi can gaba. Baƙi, ja, har da furfura, kitso kan kitso, kamar macizai na barci. Can nawa zai shiga. Gobe wa zai gane shi? Wa zai ɗaga ya ce wannan Firmina ce ta taje shi kowace safiya, da wannan ɗan karkacen a tsaga saboda idonta?

Za ta iya taje mata? Ba sai ta iya ba. Gajere zai zama, irin na 'yan birni, a kai ta shago a gyara. Ta san ba ta cin kabewa? Ta san in tsawa ta yi sai an riƙe mata ɗan yatsan ƙafa? Za ta koya. Kwana biyu ya ishe ta, ita.

Tankina cike yake, Belarmino. Tunda muka dawo daga asibiti ruwa ya ƙi ƙarewa. In leƙa in ga fuskata. Ban san abin da ake yi da ruwa mai yawa haka ba.

Wani mutum ya ajiye ƙafarsa ta katako, ya sumbace ta, ya fita yana share hanci. Wata ta aza hoton soja. Saura mu. Lindalva ta saki hannun — ta saki, ta ja da baya har jikin bango, ta naɗe lemarta, ta sunkuyar da kai. Ba wanda ya ce mata ta matsa, ta san wurinta. Da ma ta yi rashin kunya ko sau ɗaya, in samu abin riƙewa. Ko sau ɗaya.

Tainara ta durƙusa, ta ba ni baya. Wuyan nan siriri. Bari in ajiye 'yar tsanar... can, kusa da wata saniya. Almakashi. Bari in gyara mata rigar, ta tattare a ƙarƙashin igiyar, kada a ce jikar Firmina ta zo gaban Waliyyi a yamutse, in ja ta ƙasa haka, in shafe —

Laima.

A baya. Ƙasa da igiyar. Tafin hannuna gaba ɗaya.

Ya dawo. Ya dawo! Ɗinkin ya kwance, ko wata hanyar ce ta huɗu da ba su gani ba, ai likitar yarinya ce... Ba za ta tafi ba. Wa zai kai mai zarni makarantar birni? Wa zai shimfiɗa ta kan farar katifar nan? A fito da kayanta daga mota. Tsummokaran suna nan, ban zubar ba, suna ƙasan akwati a ninke, kitsen rago ma da saura, yau ɗin nan in mun isa in rataya ragarta gab da —

Me ke tsalle haka a ƙirjina?

Me ke tsalle, Firmina?

Ta ji hannuna ya tsaya. Bayanta ya sandare kamar itace. Ta matse gwiwoyi. Tana juyowa a hankali... ba wajen bango ba, ba wajen Dinda ba. Ni. Ni take nema. Ido ya firfito, leɓen ƙasa na rawa, fuskar nan ta tsufa a gabana, ta fi tawa tsufa. Da raɗa, don kada na baya su ji.

Kaka... ya dawo?

Ni ta tambaya. Ka gani? Ni. Abin da nake so ke nan tun safe, tun bara, ga shi an ba ni, a ɗakin Waliyyi, cikin tafin hannu.

Yatsu zuwa hanci. Ba mai hanci irin nawa duk faɗin jihar Ceará.

Zufa. Zufa ce kawai. Yadi mai kauri, rana tun hantsi, ruwan rake. Gishiri da man kwakwa, ba komai.

Ba wanda ya sani sai ni. Lindalva daga can ba ta ganin komai, kanta na ƙasa. Ba sai na yi ƙarya ba ma. In ce ban tabbata ba. In ce bari mu je gida mu gani, sati ɗaya, wata ɗaya, ai ba a cika bakance a kan shakka, kowa ya san wannan, Fada ma zai ce haka. Za ta yarda. Duk abin da na ce a kan wannan za ta yarda, wa ta taɓa yarda da shi in ba ni ba? Ta tashi ta biyo ni, da gwiwoyi a matse, cikin farin takalmi, ta hau babbar mota, ta zauna a gefen benci yadda ba za ta ɓata wa kowa wuri ba...

Zufa ce, 'yata. Zufa ce, ja'ira, kin sha rana.

Ya fita. Ni na faɗa, muryata ce.

Ta saki numfashi har kafaɗu suka zube. Dariya. Ta leƙa bango ta ɗaga wa Dinda gira, ta juya, ta kamo kitson da kanta ta miƙo mini ta baya. To yanke, Kaka, mutane na jira.

Mutane na jira.

Amma kafin in faɗa, Belarmino... akwai ɗan tsakani. Numfashi ɗaya ne? Biyu? Ita ba ta lura ba, yarinya ce. Shi fa, Waliyyi, na sama, mai raunuka a tafin hannu, da yake kallona tun da na shigo? Ni da na yi gwiwa biyu... ashe abin da ke ƙarƙashin addu'ar ke nan? Tun yaushe?

Gashin da kauri. Dole ya yi kauri, ni na raine shi. Almakashin ya shiga, ya ci 'yan silalla, ya tsaya. Jiya na wasa shi, da hannuna, a kan dutsen bakin tanki. Ba almakashin ba ne.

Tsaya, 'yata, kada ki motsa. Ina zuwa. Hannun Kaka ne ya ɗan... bari in ɗan huta. Kaɗan kawai —